Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a Kogin Dart

Alhamdulillahi. An sallamo ƙanwarmu daga asibiti, ta ci abinci, ta yi barci. Duk kun ji abin da ya faru ranar Asabar: kayak ɗinta, wato ƙaramin kwalekwale, ya kife da ita a Kogin Dart da ke Ingila. Mu shugabannin ƙungiyar masu tuƙa kayak ta jami'a har yanzu gajiya ba ta sake mu ba, amma dole mu yi godiya.

Sashen da muka bi, daga Newbridge zuwa gadar Holne, wahalarsa matsakaiciya ce, mataki na 2 zuwa 3 a ma'aunin wahalar koguna, shi ya sa ƙungiyoyin jami'o'in Ingila ke kai sababbin shiga can da hunturu. Sai dai ruwan daga tuddan Dartmoor yake gangarowa, ruwan sama na dare ɗaya kan ɗaga shi, sanyinsa kuma a wannan lokaci bai kai digiri 10 ba. Mutum na faɗawa ciki numfashi ke ƙwace masa na minti ɗaya ko biyu, komai iya iyonsa.

Godiya ta farko ga jami'ar tsaronmu, wadda ta hana kowa hawa kogi sai ya kife da kayak a wurin ninƙaya na makaranta ya jawo madaurin murfin roba da ke rufe bakin kayak ɗin ya fito da kansa. An yi ta yi mata ƙorafi. A Triple Drop, wata gangarar ruwa a sashen, wannan horon ne ya fitar da ƙanwarmu daga ƙarƙashin kayak. Abin da ya tsinka mana zuciya shi ne da ta yunƙura za ta miƙe tsaye. A ruwa mai gudu, ƙafa na shiga tsakanin duwatsu ruwan zai danne mutum rubda ciki, kuma da wuya ya iya ɗagowa. Ɗan uwanmu da ke kan dutse riƙe da igiyar ceto mai mita 20 ya daka mata tsawa ta kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, sai da ta dube shi sannan ya jefa. Ta kama igiyar, ba jakar da ake jefa igiyar a ciki ba, ta ɗora a kafaɗa. Shi kuma ya zauna daɓas don kada ta fizge shi, ruwan da kansa ya karkato da ita gaɓa. Allah Ya yi maka albarka.

Sai baiwar Allah nan ta wata ƙungiya, wadda ko sunanta ba mu samu ba. Ita ta lura cewa maganar ƙanwarmu ta fara sarƙewa kuma karkarwarta na raguwa, alamar sanyi ya ci jiki sosai ke nan. Hijabin auduga ne a ƙarƙashin hular kwanonta, jiƙaƙƙiyar auduga kuwa zuƙe ɗumin jiki take yi. Matar nan ta buɗe tantin gaggawa, ta ce maza su koma gefe ba tare da kowa ya yi mata bayani ba, ta cire mata jiƙaƙƙun kaya, ta ba ta nata busassu, ta rufe mata kai da hular ulu, ta zaunar da ita kan rigar ceto don kada ƙasa ta ƙara mata sanyi. Ta hana a murza mata hannu da ƙafa. Shayi mai sukari ma sai da ta ga tana iya riƙe kofi da kanta. Allah Ya suturta ki kamar yadda kika suturta ta, Ya tsare ki a duk kogin da kika hau.

Mun gode wa ma'aikatan motar asibiti, da direban bas ɗinmu da ya bar hita a kunne, da waɗanda suka ɗauko kayak goma sha a kafaɗa cikin duhu, don ƙarfe huɗu rana ke faɗuwa.

'Yan uwa na Exeter da Plymouth, da ba ku samu zuwa ba ko da yake tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, mun ga saƙonninku a WhatsApp. Allah Ya ba da iko wani karon.

Iyayenta da suka kwana kan sallaya a gida, Allah Ya ƙara muku haƙuri, Ya raya muku ita, Ya sa wannan ya zama kaffara. Duk wanda ke riƙe da kayan ƙungiya ya shanya su, ya dawo da su ranar Laraba.