Haƙorin da Ya Fita Ba Ya Jiran Kowa

Ƙannena da kuka fara aiki a sashen haƙori, kuskuren da muka fi tafkawa a shekarunmu na farko shi ne dogara da abin da ke cikin ka. In aka kawo wanda haƙorinsa ya fita saboda rauni, ga jini, ga kuka, ga iyaye tsaye a kanku, nan take abin da aka haddace yake gudu. Amfanin rubutacciyar ƙa'ida ke nan, irin wadda IADT, ƙungiyar masana raunin haƙori ta duniya, ta sabunta a 2020. Ku manna ta a bango.

Ku fara duba kan mai raunin kafin bakinsa. Ya suma? Ya yi amai? Yana tuna yadda abin ya faru? In akwai alamar buguwar kai, haƙori ya dakata.

Sai tambayar da muke yawan mantawa: minti nawa haƙorin ya yi a waje a bushe? A jikin saiwar akwai wasu ƙwayoyin halitta masu rai, su ne ke sake haɗa haƙori da ƙashi. In an mayar da shi cikin minti 15, yawancinsu suna raye. In ya haura minti 60 a bushe, sun mutu. Shi ya sa ake riƙe haƙori ta kansa, ba a taɓa saiwar. A ɗauraye shi a hankali da madara ko ruwan gishiri na asibiti. Mun sha kankare saiwa da sunan tsabta, alhali abin da zai rayar da haƙorin muke gogewa. Sakamakon ba ya bayyana a ranar. Sai bayan watanni saiwar ta manne da ƙashi, jiki ya riƙa cinye ta, a ƙwanƙwasa haƙorin a ji yana amo kamar ƙarfe.

Wanda ya kira ta waya, ku ce ya mayar da haƙorin gurbinsa nan take, a ciji tsabtataccen ƙyalle. In ba zai iya ba, ya sa shi cikin madara ko yawun mai raunin. Ruwan sha yana kumbura ƙwayoyin su fashe, amma ko shi ya fi takarda, wadda mutane suka fi son naɗe haƙori a ciki.

Haƙorin da yaro bai yi famfararsa ba kuwa, ba a mayar da shi, don zai iya lalata na dindindin da ke ƙarƙashi.

Wajen ɗaure haƙorin da aka mayar ma mun yi kuskure. Mun zaci ƙarfi shi ne kyau, muka riƙa kafe haƙori ƙam na tsawon lokaci, hakan kuwa mannewa da ƙashi yake jawowa. Siririyar waya mai lanƙwasuwa ake so, kaurinta kada ya wuce milimita 0.4, ta zauna mako 2. Karayar saiwa ko ta ƙashin da ke riƙe haƙora mako 4 ce. In bakin saiwar ya riga ya rufe, a fara aikin cire jijiya cikin mako 2, tun kafin ruɓewarta ta cinye saiwar. In a buɗe yake, kamar na yaro ɗan shekara 8, a saurara, jini na iya sake shiga. Kada kuma ku yanke cewa jijiya ta mutu don ba ta amsa gwajin sanyi ba a ranar farko, buguwa kan sa ta yi shiru na makonni.

Haƙori ya ɓalle, leɓe ya tsage, ba a ga guntun ba? Ku ɗauki hoton X-ray na leɓen kafin ɗinki, sau da yawa yana ciki. Ku tambayi allurar tetanus in haƙorin ya taɓa ƙasa. A sallami mai raunin da abinci mai laushi da kurkurar baki da kulohekzidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, sau 2 a rana na mako 2, sannan ku rubuta masa ranar dawowa a takarda, domin da zarar zafi ya lafa mutane ba sa komowa.