HBO: tashar da ta sa Amurkawa biyan kuɗin kallon da suka saba yi kyauta

Duk wanda ya bi Game of Thrones a nan wajenmu, ko a M-Net ta DStv da ake sakawa tsakar dare lokaci ɗaya da Amurka, ko a wajen masu tura fim a waya, ya san haruffan nan guda uku da ke fitowa kafin a fara. HBO. Da yawa sun ɗauka kamfanin shirya fim ne kawai, alhali tasha ce, kuma ni wallahi yadda take neman kuɗinta ya fi burge ni a kan rabin finafinan nata.

Ranar 8 ga Nuwamba 1972 aka buɗe ta a wani ƙaramin gari mai suna Wilkes-Barre a jihar Pennsylvania, gida 365 kacal suka kalla, aka saka musu fim ɗaya sannan wasan hoki na kan ƙanƙara kai tsaye daga New York. A lokacin talabijin a Amurka kyauta ce, ka kafa eriya ka kama ABC da CBS da NBC, masu talla su biya. Ita kebul ɗin ma asalinta don garuruwan da ke cikin duwatsu aka yi ta, inda eriya ba ta kamawa, sai a ja musu waya har gida. Toh sai ga wani Charles Dolan, wanda yake ta binne waya a ƙarƙashin titunan Manhattan kuɗi na ta zurarewa babu riba, ya ce bari a ƙara wata tasha da za a biya daban duk wata, babu talla ko ɗaya kuma ba a yanke fim. Kamfanin mujallar Time ya saka kuɗi, zuwa 1973 ya karɓe abun gaba ɗaya, Dolan ya tafi, Gerald Levin ya hau kujera.

Da farko abun bai tafi ba fa, mutum zai shiga wannan watan ya ga finafinan maimaici ne ya fita wata mai zuwa. Abin da ya cece su tauraron ɗan'adam ne, suka yi kasadar kama haya da miliyoyin daloli a lokacin da ko ribar kirki ba su fara gani ba, ranar 30 ga Satumba 1975 suka haska damben Muhammad Ali da Joe Frazier kai tsaye daga Manila, mutanen Florida da Mississippi na zaune a falo suna kallon turmi 14 ɗinnan. Daga nan kowane kamfanin kebul a ko'ina cikin ƙasar zai iya kafa dish ya kamo HBO ya rarraba wa gidaje. Ted Turner, mai wata tashar talabijin, ya biyo sahu a 1976, sai ESPN 1979, CNN 1980, MTV 1981.

Ga inda kasuwancin yake. A wancan lokacin HBO ba ta sayar wa mai kallo kai tsaye, kamfanin kebul take ba wa, shi ya sayar ya riƙe kusan rabin kuɗin ya tura mata saura, kamar dai mai dila a Kantin Kwari da bai ma san wadda ta ɗinka atamfar ba. Kuma tunda babu talla, yawan mutanen da suka kalli shiri kaza daren jiya ba shi ne babban ciwon kanta ba, damuwarta ɗaya ce, ƙarshen wata idan maigida ya zauna yana duba takardar biya yana neman abin da zai rage, kada hannunsa ya faɗa kan HBO. Shi kenan. Kusan duk abin da suka yi shekara 50 daga nan ya samo asali, shi ya sa suka riƙe dambe suka ɗaure Mike Tyson da kwantiragi, daren da Buster Douglas ya kwantar da shi a Tokyo a 1990 ma a HBO aka gani.

Akwai wani abin dariya a tsakani. Masu manyan dish a bayan gida sun daɗe suna kamo tashar a banza, sai a Janairun 1986 HBO ta kulle siginarta sai da dikoda. Wani mai sana'ar dish a Florida da kasuwarsa ta mutu ya fusata, daren 27 ga Afrilu ya danne siginar tasu da tasa ana tsakiyar fim, na 'yan mintoci, ya rubuta a allo cewa shi ne Captain Midnight kuma dala 12.95 a wata ba za ta saɓu ba. An kamo shi, tarar dala 5,000.

Da kaset ɗin bidiyo ya cika gari kowa na iya zuwa shago ya ɗauko haya, sai saka finafinan Hollywood ya daina zama abin taƙama, ga Showtime, wata tashar biya irin tasu, kuma na binsu a baya tun 1976. Dole suka koma yin nasu. Oz a 1997, inda Adewale Akinnuoye-Agbaje, ɗan asalin Najeriya, ya fito a Adebisi da 'yar hularsa a gefen kai, sai The Sopranos 1999, labarin da tashoshin kyauta suka ƙi ɗauka. Amma ni The Wire ce hujjata, daga 2002 zuwa 2008 zango biyar, masu kallo kaɗan, ko kyautar Emmy ɗaya, wato babbar kyautar shirye-shiryen talabijin a Amurka, ba ta ci ba, a tashar talla da tuni an yanka ta tun zango na biyu amma su suka bar ta saboda 'yan tsirarun da ke sonta ba za su taɓa cire kuɗinsu ba, kuma su ne masu surutu a jaridu. Gefe guda kuma dokar hana batsa ta FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, ba ta hau kan tashar biya ba, kuma gaskiya sun yi amfani da wannan damar har ta wuce misali, akwai wurare da yawa da tsiraicin ba ya ƙara wa labari komai, shi ya sa ba abin da za ka kunna a falo da yara ba ne.

Game of Thrones ce ƙololuwa, 2011 zuwa 2019, Emmy 59, mutum sama da miliyan 19 suka kalli fitowar ƙarshe a daren farko. Sai dai kafin nan ƙasa ta riga ta fara zamewa. Netflix ta shigo, Ted Sarandos, ɗaya daga cikin manyan Netflix ɗin, ma ya faɗa a 2013 cewa burinsu su zama HBO kafin HBO ta zama su, matasa suka fara yanke kebul, a 2015 dole ta fito da HBO Now a kan dala 14.99 ta intanet ba sai da kebul ba. A da in za ka fita sai ka buga wa kamfanin kebul waya su yi ta jan ka da magana har ka haƙura, yanzu danna ɗaya ne, shirin da kake bi na ƙarewa ka fice.

Iyayen gidan kuwa sai canjawa suke, Time Warner, AOL, AT&T da ta sayi Time Warner gaba ɗaya wajen dala biliyan 85 a 2018, a shekarar ne ma aka sallami dambe bayan shekara 45 don sun ce bincikensu ya nuna ba shi ke riƙe mutane ba yanzu, sai haɗewa da Discovery a 2022. Sunan manhajar kanta HBO Max ne a 2020, aka cire HBO ɗin a 2023 ya zama Max, a 2025 aka dawo da shi, ni dai ban ga wanda zai jefar da suna irin wannan ba in ba wanda bai san wahalar gina shi ba. Tun 2021 kuma akwai tsari mai rahusa da ake saka maka talla a ciki, a gidan da aka gina shi kan alƙawarin babu talla.