Abin da na makara ban koya daga masunta ba

Ƙannena masu sha'awar rubutu, na daɗe ina yi wa wannan sana'a tamu kallon da ɗan kallo yake yi wa bikin Argungu, kuma wannan kallo ya ci mini shekaru. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada ya san yadda ake yi: da an ba da alama, dubban masunta su afka ruwa da homa da gora, kafin a jima an fito da giwan ruwa an ɗora a ma'auni, an kira sunan gwarzo. Tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ake wannan biki. Ni kuwa sai na ɗauka haka rubutu yake, shiga ɗaya a fito da babba. Ba na ɗaukar alƙalami sai an sanar da gasa, idan ban ci ba in ajiye shi watanni ina jin haushin alƙalai.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, mutanen da ke cikin ruwan nan ba ranar suka fara su ba. Basarke a Yawuri yana fita da asuba kullum, wata rana ya samo tarwaɗa da karfasa, wata rana ya dawo hannu rabbana, sannan ya zauna a inuwa yana ɗinke tarunsa. Wannan fita ta kullum ce take koya masa ruwa. Ku riƙa rubutu ko da shafi ɗaya ne a yini, ko ana gasa ko ba a yi.

Kuskurena na biyu ya fi ciwo, domin har yau yana hannun mutane. Masunta na ƙwarai suna ƙyamar taru mai ƙananan idanu, saboda yana kwashe 'ya'yan kifin da ba su isa kamu ba, kuma shi kansa Matan Fada hana kamun kifi ake yi a cikinsa har lokacin biki ya zo, don kifin ya ƙosa. Ni da na gama labarina na farko, ko mako biyu bai yi ba na kai shi maɗaba'a. Ban ba kowa ya duba ba. Ya fito da ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ a zube, kalmomin da ya kamata a raba an haɗe su, ga kuma wata jaruma da sunanta ya canja a tsakiyar littafi. Idan kun gama rubutu ku ajiye shi wata uku, sannan ku ba wanda ba ya jin nauyinku ya karanta, ku kuma daure wa abin da zai faɗa.

Sai batun kasuwa. Masunci ba ya tura jirgi sai ya san wanda zai sayi ɗanye da wanda zai yi banda, domin kifi ba ya jira. Ni da kuɗin adashi na buga littafi, na kai wa wani mai shago a Kano ya sayar ya ba ni, babu takarda, babu shaida. Na yi ta sintiri har na gaji, ragowar katan-katan ɗin kuma gara ta cinye su a ɗaki. Yau da yawanku a WhatsApp kuke sayarwa, inda mutum ɗaya zai biya ya tura wa ɗari. Kafin ku saki aiki ku san masu karatunku, ku buga kaɗan ku ga yadda zai tafi, kuma duk wanda zai karɓi littafinku, ko ɗan uwanku ne, a rubuta adadi da farashi da ranar biya, kowa ya sa hannu.