Talata 1 ga Afrilu 2025, Milwaukee: yau na zaɓi alƙali

Shekaranjiya aka yi ƙaramar sallah, gajiyar girki ko sakina bata yi ba, lallen hannuna ma yana nan raɗau, amma dole yau na fita kaɗa ƙuri'a. Zaɓen alƙali ne. Har yanzu in na faɗa sai in ji wani banbarakwai a bakina.

Da asuba na kira Kawu a Zariya in yi mai barka da sallah tunda ranar layi ya ƙi shiga, da na ce mai zan je zaɓen alƙalin kotun ƙolin jiharmu ta Wisconsin a nan Amurka sai ya yi shiru, can ya ce ke 'yar nan, alƙalin ma kamfen yake yi? Na ce wallahi Kawu har da fosta da talla a talabijin. Shi abin da ya sani majalisar shari'a ta ƙasa, NJC, ta miƙa suna gwamna ya naɗa. Na ce mai nan ma alƙalan tarayya shugaban ƙasa ke naɗawa majalisar dattawa ta amince, su zauna har mutuwa ko su ajiye da kansu, amma na jihohi kowace jiha da nata tsarin, mu a Wisconsin ƙuri'a ce. Kujera 7 ce a kotun, duk wanda ya ci shekara 10 zai yi a kai.

Susan Crawford da Brad Schimel ke takara. A takardar ba a sa jam'iyyar kowa ba, amma ko yaro ya san 'yan Democrat na bayan Crawford, 'yan Republican na bayan Schimel. Kuɗin da aka zuba kuwa ya kai dala miliyan 100, ba a taɓa kashe irinsa a zaɓen alƙali ba a tarihin Amurka. Ranar sallar nan attajirin nan Elon Musk, mai goyon bayan Schimel, ya zo garin Green Bay ya hau dandamali ya miƙa wa mutum biyu cakin dala miliyan ɗaya-ɗaya, ɗaya ɓangaren ma attajirai irin su George Soros sun zuba nasu ta hannun jam'iyya. Sati uku kenan akwatin wasiƙarmu kullum cike da takardu masu sheƙi, kowa na cewa ɗan'uwansa na sassauta wa masu laifi.

Abin yana damuna sosai. Hausawa sun ce baki in ya ci ido kan ji kunya, to alƙalin da wani ya kashe wa miliyoyi, ranar da shari'ar mutumin ta zo gabansa da wane ido zai kalle shi? Kuma an taɓa yi. A jihar West Virginia shugaban wani kamfanin kwal, Don Blankenship, ya kashe kusan dala miliyan 3 don wani alƙali ya ci zaɓe alhali kamfaninsa na da shari'ar dala miliyan 50 da za ta je kotun da alƙalin zai zauna, alƙalin ya ƙi janyewa, sai da kotun ƙolin Amurka ta ce a 2009 ai dole ya janye.

Bayan azahar na je mazaɓarmu, ɗakin wasanni ne na wata makarantar firamare. Layi har waje ga iska mai sanyi. Wata tsohuwa ta karɓi lasisin tuƙina tana kallon lallen, ta ce waye ya zana miki, na ce ƙanwar maigidana, muka yi dariya. Na cike na kotun ƙoli ba wata-wata don na yi karatun su biyun. Da na gangaro ƙasa kan alƙalan kotun gunduma sai biro ya tsaya a hannuna. Sunaye ne kawai, yawancinsu ba abokin hamayya, ban san fuskar ko ɗaya ba.

Kuma fa su ne namu. Shekara 3 da suka wuce lokacin da mai gidan hayarmu ya kai mu kotu yana so ya tashe mu ina da tsohon ciki, gaban irin wannan alƙalin muka tsaya, ya saurari turancina mai gargada har na gama bai katse ni ba, ya duba rasit ɗinmu ɗaya bayan ɗaya. Da wani ne marar haƙuri Allah kaɗai ya san inda za mu kwana. Yau ko sunansa na cikin takardar ba zan gane ba, na manta shi, kuma duk miliyoyin nan ba wanda ya aiko min ko ƙyallen takarda a kan waɗannan kujerun. Na daɗe a tsaye, daga ƙarshe na bar wurin ba komai, ba zan iya sa hannu kan mutumin da ban sani ba.

An rufe rumfuna ƙarfe 8, an ce wasu mazaɓu a garin nan har takardar ƙuri'a ta ƙare musu saboda cika. Kafin in kwantar da yara labari ya fito Crawford ta ci. Na tura wa Kawu saƙon murya, na kuma ce wa maigidan gobe ya sauko min da jakar takardun nan ta saman wadirob, sammacin kotun yana ciki, in ga sunan alƙalin.