Kafin ku kafa ƙarfe a saman soro

Ƙannena masu koyon aikin wuta a nan Damagaram, ku riƙe wannan saboda aradu tun damina ba ta kankama ba: cajin lantarki ba ya zama a cikin ƙarfe. Da zarar ya natsu, fatar waje yake komawa, domin caji iri ɗaya ture juna suke yi, kowa na neman nesa da ɗan'uwansa. Can ciki kuwa ƙarfin filin lantarki, wato ƙarfin da ke tura caji ko ya ja shi, sifiri ne. Masanin kimiyya Michael Faraday ya gwada haka a Landan a 1836, ya shiga wani ɗaki da aka lulluɓe da ƙarfe, ana tartsatsi a waje, shi bai ji komai ba.

Shi ya sa mota ke kare mutum daga aradu. Na daɗe ina gaya wa mutane taya ce ke yin aikin, alhali ƙarfen gangar jikin motar ne: wutar ta bi ta waje ta sauka ƙasa. Abin da ya keto iska tun daga gajimare, ina taya za ta tare shi? To mai kabu-kabu ba ya da wannan rufin asiri, ya nemi gini ya fake. Wanda ke cikin mota ya rufe gilashi, ya janye hannu daga ƙarfen ƙofa.

Abin da ya fi cin min kuɗi shi ne tsini. A fatar ma caji ba ya rabuwa daidai, inda ƙarfe ya yi tsini nan yake cunkushewa, har filin ya kai ƙarfin da iska ke kasa riƙewa, wajen bolt miliyan 3 a kowace mita idan iskar busasshiya ce, sai wuta ta keta iskar. Na taɓa kafa wa wani maigida doguwar eriya a Zango, ta fi duk rufin unguwar tsawo, ban ja mata waya zuwa ƙasa ba. Hadarin watan Agusta ɗaya, tele da batir suka tafi, ni na biya.

Ku ja wayar jan ƙarfe mai kauri daga eriyar zuwa ƙasa, a miƙe, ban da lanƙwasa mai kaifi, ku ɗaure ta da sandar ƙarfe da aka binne. Kuma kun san ƙasarmu, musamman wajen Birni, dutse ne da tsandauri. Sandar da ke zaune cikin busasshiyar tsakuwa ado ce kawai, sai an haƙa har a tarar da danshi. In maigida ya ce kuɗin wayar ya yi yawa, ku ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri, ba na kafawa sai da ita."