Jika 510 a kan wayoyin da na riga na mayar

Ranar da takardar ta zo ina cikin sito ina ƙirga buhunan aya. Ɗan kabu-kabu ya miƙo mini ambulan, na sa masa hannu, na cusa a aljihu, ban waiwaye ta ba sai bayan la'asar. Da na buɗe, lamba ɗaya idona ya fara kamawa: 510.000. Sefa ke nan, jika 510 a ƙirgenmu na nan. Wai kamfanin waya ne ke bin mu kuɗin fasa yarjejeniya kafin wa'adi ya cika. Na yi dariya ni kaɗai, na ce mutanen nan sun ruɗe, ai wayoyinsu suna hannunsu tun watan Oktoba. Ni da ƙafata na kai.

Ni ke riƙe da lissafin wani Alhaji a nan Maradi, kwantabul kamar yadda ake cewa. Wake, aya da riɗi muke saye a kasuwannin ƙauye, a loda, a bi ta Dan Isa a shiga Jibiya, daga can Katsina, wani jikon har Dawanau a Kano. Aiki ne da ke cin waya. Direba ya kira, ɗan kamasho ya kira, wanda ke bakin iyaka ya kira ya ce an tsare mota. A watan Fabrairun 2023 wakilin wani kamfanin waya ya zo mana da tayi: layi 3 a tsarin fulot, wanda layukan ke kiran junansu ba a cire komai, kowane layi jika 10 a wata, sannan sababbin wayoyi 3 a kan jika 15 kowace, alhali a kasuwa ba ka samun irinsu ƙasa da jika 75. Ni na matsa wa Alhaji. Ya juya kwalin a hannu ya ce, "Kwantabul, banza dai ba ta kai zomo kasuwa." Na ce ranka ya daɗe, talla ce kawai, neman masu saye suke.

Takardar shafi 6 ce, da Faransanci, rubutu ƙanana kamar ƙafar kiyashi. Na karanta shafin farko inda farashi yake, na tsallaka zuwa na ƙarshe, na rubuta «lu et approuvé» da hannuna, wato na karanta na amince, Alhaji ya sa hannu a ƙasa. Shi allo ya yi, ni na yi lakkol, don haka ya ɗauke ni aiki. Idonsa ne ni a kan irin wannan takarda, kuma idon ya rufe.

Ba ina wanke kaina ba ne, amma akwai dalilin da ya sa abin bai tsaya mini a rai ba. A garin nan kusan kowa kati yake sawa, ko mai teburin bakin titi ya turo masa kiredi. Kuɗi ya ƙare, magana ta ƙare, babu mai bin wani bashi. Ka gaji da layi ka cire ka jefa a aljihun tebur. Da wannan tunanin na shiga abin da ba kati ba ne, alkawari ne na wata 24.

Sai ga 26 ga Yulin 2023. Kwana huɗu bayan juyin mulkin Nijar, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu. Motocinmu suka tsaya cak, aya ta cika sito babu hanyar fita. Alhaji ya daure wata biyu, sannan ya ce duk abin da ke cin kuɗi ba ya kawowa a tsai da shi. Farkon Oktoba na karɓe wayoyin daga hannun direbobi, na goge, na mai da kowace cikin kwalinta da cajarta, na nufi ofishin kamfanin. Wani saurayi na tarar a kanta, ɗan unguwarmu, masallaci ɗaya muke salla. Na yi masa bayani. Ya ce, "Ba damuwa, yaya, aje su nan, zan shigar." Muka yi musabaha na fito.

Wannan fitowar ita na fi juyawa a raina. Na san ya kamata in ce ya ba ni takarda. Har bakina ya buɗe, kunya ta rufe shi. A wurinmu ka ce wa wanda ka sani "rubuta mini", kamar ka ce masa ban yarda da kai ba ne. Abin haushin, ni ne mutumin da ko buhu ɗaya ba ya fita daga sito sai direba ya dangwala hannu, ko da ƙanen Alhaji ne. A can ba na jin kunya, domin na san littafi ne ke tambaya, ba ni ba. Da na zama mai kawowa maimakon mai karɓa, sai na mance cewa shi ma yaron ba shi ne kamfani ba. Yau yana nan, gobe an ɗauke shi. Haka kuwa aka yi.

Da na kai wa Alhaji takardar a watan Janairu, bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. "Mi ka ce? Jika nawa?" Na maimaita. "Ba ka kai masu kayansu ba?" Na ce na kai, ranka ya daɗe. "To ina shaidar?" Na yi shiru. Ya ce, "Kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

Komawata ta farko ofishin kamfanin ɓarna ce kawai. Na shiga da zafi, na buga takardar a kan tebur, na ce wannan zalunci ne. Shugabar sashen, wata Hajiya mai sanyin murya, ta bar ni na gama sannan ta juya kwamfuta ta nuna mini. Babu inda aka rubuta an dawo da waya. Saurayin an mai da shi Damagaram, lambarsa ba ta shiga. Ta ce, "Malam, ko da an rubuta ma, abu biyu kuka yi da mu. Waya kun saya, layi kun ɗauka na shekara 2. Dawo da waya bai taɓa layi ba." Ta buɗe shafi na 4 ta ɗora yatsa: ana fasawa ne da wasiƙa, a ba da sanarwar kwana 30, kuma wanda ya fasa kafin wa'adi zai biya ragowar watanni. Mun biya Maris zuwa Satumba, wata 7. Saura 17, sau jika 30. Lissafin daidai yake, ni da nake aikin lissafi ban sami inda zan kama ba. A ƙasa kaɗan kuma ga wani sakin layi da ya sa gumi ya keto mini: mai layi na iya neman a dakatar masa har wata 3, ya riƙa biyan jika 2 kacal. Abin da muke bukata ke nan a Oktoba, yana kwance a aljihun teburina tun Fabrairu.

Da dare na kai takardar fadarmu, inda muke shan shayi. Akwai abokina da ya karanta shari'a a jami'ar Tawa. Ya haska fitilar waya, don babu wuta, ya karanta tun daga farko har ƙarshe, shayi na biyu ya wuce bai ɗago ba. Na ce ai rufe iyaka ba laifinmu ba ne, abu ne da ya fi ƙarfin kowa. Ya girgiza kai. Ya ce wannan hujjar tana aiki ne in abin ya hana cika alkawarin kwata-kwata. Layi bai daina aiki ba, biya ne ya yi muku nauyi, kuma nauyi ba hanawa ba ne. "Bar inda ba ka da gaskiya," in ji shi, "ka tsaya inda kake da ita. Wayoyin nan naku ne, kun saya. Rangwamen da suka yi muku a kansu, a cikin kuɗin wata-wata suke fanshe shi. In sun karɓi wata 17 cif, kuma suka riƙe wayoyin, sun ci tudu biyu." Ya ce in daina zuwa da baki. In rubuta, kwafi biyu, a buga mini hatimi da kwanan wata a kan nawa. Na ambaci ARCEP, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa. Ya ce tana nan a Yamai, amma ko can ka je, me za ka nuna musu, musabaha?

Malamin Alhaji ma da zancen ya kai zaurensa, kusan abu ɗaya ya faɗa ta wata hanya. Ya ce a fiƙihu warware ciniki bayan ya ƙullu sunansa iƙala, kuma ba ta tabbata sai ɓangarorin biyu sun yarda. Ajiye kaya a ƙofar mai shago ba iƙala ba ce. Ya tuna mini cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ya dube ni ya yi murmushi, bai ƙara ba.

Saura in tabbatar wayoyin sun shiga hannunsu. A nan ɗabi'ar sito ta cece ni. Ranar da aka kawo su na shigar da su littafin kayan aiki, na kwafe doguwar lambar da ke jikin kowane kwali, IMEI, mai lamba 15, wadda ba waya biyu da ke tarayya a kanta. Na sa su cikin wasiƙar, na koma da littafin a hammata. Wannan karon na yi sallama, na gaishe da Hajiya yadda ya kamata, na tambayi iyali. Ta karanta, ta buga hatimi, ta kira mai gadi. Dattijon ya ce ya tuna, har ya ga inda yaron ya sa su. Aka buɗe wani kabad na ƙarfe a ɗakin baya. Ga kwalaye uku ɗaure da roba a ƙarƙashin tarin tsofaffin takardun talla, ƙurar hunturu ta yi musu fari. Babu suna, babu komai a jiki.

Hajiya ta ce kwali ba waya ba ne, sai an duba ciki. Duk ukun batir ya mutu. Wuta babu, sai da aka tada janareta, muka zauna muna kallon allon waya kamar masu jiran ganin wata. Da ta farko ta kawo haske, ta danna *#06#, lamba ta fito. Ita tana karantawa, ni ina bin littafi da yatsa, ɗaya bayan ɗaya har 15. Ta biyu haka, ta uku haka. Ta cire tabarau ta ce, "To, Malam, yanzu kana da magana." Ta rubuta a ƙasan wasiƙar cewa an samu kayan, ta aika Yamai.

Amsa ta ɗauki kusan mako biyar. Kafin ta zo duniya ta juya: CEDEAO ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, a Maris aka buɗe iyaka, azumi ya kama, motoci suka fara motsi. Alhaji da ya ce a tsai da komai, shi ne ke tambayata yaushe direbobi za su sami layi. Abin da na yi wata biyu ina faɗan rabuwa da shi, shi muka koma nema.

Sulhun da aka yi bai yi wa kowa daɗi sosai ba. Mu biya bashin wata 3, jika 90. Layi biyu su ci gaba har wa'adi, mu karɓi wayoyinsu. Na uku a fasa, a cire jika 60 na wayar da suka riƙe daga jika 140 da ta rage, mu cika 80. Jimla jika 170 maimakon 510. Har yau ina ganin wata ukun nan bai kamata mu biya duka ba, tunda wayoyin na kabad ɗinsu kuma ma'aikacinsu ne ya ce zai shigar. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ba ni da ko ƙyallen takarda mai ɗauke da kwanan watan Oktoba. Alhaji ya biya, ya cire jika 45 daga albashina, jika 15 duk wata. Ban yi gardama ba.

Ranar sa hannu a sabuwar takardar na ja kujera na zauna. Shafi 2 ce kawai, na karanta sau biyu, na tambayi ma'anar kalma ɗaya, aka gyara kwanan wata da ya zo ba daidai ba. Sannan na ce a ba ni shaidar cewa waya ta uku tana hannunsu, da lambarta a rubuce. Hajiya ta rubuta, ta ɗauko hatimi ta danna. Tawada ta bushe, da ƙyar ake ganin sunan ofishin. Ta miƙo mini. Na duba, na mayar mata, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, a ƙara dannawa." Ta dube ni ta saman tabarau, ta aika mai gadi ya nemo tawada.