Simpsons: Hit & Run a sabuwar kwamfuta: ɗaure shi a kan 60 kafin ka kama sitiyari

Cikin duk wasannin bidiyo da aka ciro daga katun ɗin barkwanci na talabijin, The Simpsons: Hit & Run ne har gobe ake cigiyarsa. Kamfanin Radical Entertainment na birnin Vancouver a Kanada ne ya haɗa shi, ya fito a 2003 a kan PlayStation 2 da Xbox da GameCube da Windows. Na buga shi daga farko har ƙarshe a kwamfuta mai allon da ke sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa ɗaya, kuma wannan lambar ta 144 ta ci mini lokaci fiye da kowane aiki da ke cikin wasan. Har yanzu idan na tuna sai raina ya sosu, domin maganin abin bai fi minti biyu ba.

Ga yadda matsalar take. Lissafin motsin mota a wasan, wato yadda taya ke kama kwalta da yadda mota ke dira bayan ta yi tsalle, yana tafiya ne tare da yawan hotunan da injin ke fitarwa a daƙiƙa, abin da 'yan wasa ke kira FPS. Injinan wasa na wancan zamanin irin su PlayStation 2 ba sa wuce 60, saboda haka komai yana zaune daidai. Kwamfutar yau kuwa wasan 2003 ba ya mata nauyi ko kaɗan, idan ba ka taka mata birki ba sai ta riƙa zuba hotuna ɗari da wani abu, ko ma ɗaruruwa. Daga nan sai lissafin ya rikice. Motar ta riƙa santsi a kwana, ɗan tudun bakin titi da ya kamata ta haye lafiya ya wurga ta sama, wani lokacin ma ta nutse ƙarƙashin titi gaba ɗaya. Babu wanda za a ɗora wa laifi, tsohon wasa ne ya gamu da injin da ba a yi shi dominsa ba. Abin da ya sa ya zama tarko shi ne babu wani saƙo da zai fito ya gargaɗe ka. Wasan zai buɗe, hoto ya yi kyau, matakan farko masu sauƙi su wuce, kai kuwa kana ɗauka haka tuƙin wasan yake tun asali.

Hanya mafi sauƙi ita ce manhajar da masoya wasan na Donut Team ke rabawa kyauta, Lucas' Simpsons Hit & Run Mod Launcher. Ba wasan ba ne, sai kana da wasan a kwamfutarka tukuna, sannan ka nuna mata jakar da yake ciki. A jerin saitunanta ka nemi Frame Limiter, ka kunna, ka sa 60. Ita ce kuma ke gyara hoton ya cika faffaɗan allo ba tare da fuskar Homer, uban gidan su Simpson, ta baje ba. Wanda ba ya son ƙarin manhaja, idan katin hotonsa na NVIDIA ne, ya shiga Control Panel ya sa Max Frame Rate a kan 60 ga wannan wasan kaɗai. In ba haka ba ya mayar da allon kansa 60 daga saitin Windows, ya kunna V-Sync, saitin da ke ɗaure yawan hotunan da saurin allon. Kada ka yarda da ido, ka kunna abin ƙidayar FPS ka ga lambar ta tsaya cak kafin ka shiga mota.

Samun wasan shi ma aiki ne. Ba a sayar da shi a shagunan wasanni na intanet, Steam ko GOG, na Windows a faya-fayan CD uku ya zo, sai dai na hannu. Ka girka shi a jaka ta daban, ba cikin Program Files ba, kuma ka riƙa ajiye wasanka da kanka bayan kowane aiki mai wuya, musamman idan kwamfutar tebur kake amfani da ita a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama.

Matakai bakwai ne, kowanne da ɗan shirin da kake bugawa da shi: Homer, Bart, Lisa, Marge, Apu, sai Bart kuma, sai Homer ya rufe. Kowane mataki yana da ayyukan labari bakwai, da aikin ƙari ɗaya, da tseren titi uku, da katunan tarawa bakwai, da kyamarori 20 masu siffar rina. Taswira uku ce kawai ake juyawa, unguwar su Simpson, tsakiyar gari, da bakin ruwa, saboda haka duk wata 'yar hanyar yanke da ka koya a mataki na ɗaya za ta yi maka rana a na huɗu da na bakwai. Wannan ya isa game da tsari.

Sulalla su ne abu na biyu da ke tsayar da mutum. Labarin yakan tsaya cak har sai ka sayi wata mota ko wasu tufafi. Tun a mataki na ɗaya sai ka sayi Plow King a hannun Barney, a na uku kuma motar makaranta a hannun Otto, farashin kuwa hawa yake yi mataki bayan mataki. Kada ka kashe kuɗinka a kan kayan kwalliya da wuri. Akwatunan Buzz Cola da injinan sayar da lemo da rinar nan su ne ke ba da sulalla masu yawa, ka fasa su tun kana wucewa. Rina idan ta harbe ka sulalla ne ke zubewa, don haka ka yi tsalle ka shure ta tun kafin ta daidaita. Idan ma'aunin ɓarna ya cika 'yan sanda suka kama ka, tarar sulalla 50 ce. Motar da ta tarwatse kuma sai ka biya 10 a rumfar tarho kafin a dawo maka da ita, alhali sifana da ke shawagi a gefen titi kyauta take gyara ta.

Duk wannan da FPS ɗinka a sake ma kana iya lallaɓawa ka wuce. Mataki na bakwai ne ke tona asiri. Garin ya koma daren Halloween, gawarwaki na yawo a bakin titi, abubuwan hawan da ke kan hanya sun zama akwatunan gawa masu taya da mayu a kan tsintsiya. An toshe ɓangaren unguwar masu kuɗi, saboda haka tsakanin tashar nukiliya da makaranta hanya ɗaya ce, doguwar: ta gonaki, ta unguwar gidajen tirela, ta maƙabarta, ta gaban gidan su Homer, ta Kwik-E-Mart, shagon Apu. Ayyukan ƙarshe duk abu ɗaya suke nema, ka ɗauko duro na sharar nukiliya a bayan mota, ka kai shi filin wasan makaranta, ka shiga cikin hasken jirgin Kang da Kodos, baƙin halittun sararin samaniya, ya zuƙe motar. Duron nan idan ka yi karo mai ƙarfi sai ya fashe, ka koma tashar ka ɗauko wani.

A na ƙarshe, Alien "Auto"topsy Part III, ba kai ke zaɓar mota ba. Motar soja ta Grampa, mahaifin Homer, ake ba ka, an ɗaura mata roka, ga gudu ga rashin nauyi a kwana. Wasu ayyukan idan ka faɗi sau da yawa wasan kan ba ka damar tsallakewa, wannan kam babu. Da hotuna suna gudu sama da ɗari, motar nan ba ta tuƙuwa. Na ga duro ya fashe a wurin da ban taɓa komai ba sai bakin kwalta: tayar baya ta ɗan hau, motar ta ɗaga, ta juya, ta daki katanga. Ina ɗaure shi a kan 60, wannan bakin kwaltar dai, da wannan gudun, motar ta haye ta wuce. Aikin bai zama mai sauƙi ba, amma ya koma wanda hannu ke iya koya, abin da ka yi jiya shi zai ba ka sakamako iri ɗaya yau.

Bayan ka gyara wannan, ga abin da ya fisshe ni. Da duro a bayanka, ka ɗauka tiren ƙwai ka ɗauko: ka saki totur kafin kwana, ba a tsakiyarta ba, kuma ka rabu da birkin hannu, domin shi ke jefa bayan motar, duron kuwa a bayan yake. Akwai baƙar mota da ke bin ka, amma ba sai ka yi faɗa da ita ba, tazara kawai ake so, kuma a miƙaƙƙen titi rokar na ba ka tazarar da kanta. Hanyar yanke mai tsalle tana rage daƙiƙoƙi amma saukar ce haɗari, ka ɗauke ta kawai idan ka shigo a miƙe. Fal ɗin wuta da akwatunan wasiƙa da gawarwakin gefen titi suna cika ma'aunin ɓarna, 'yan sanda kuwa a wannan aikin halaka ne, don haka ka riƙe tsakiyar titi. Idan motar ta maƙale, ka danna maɓallin da ke mayar da ita kan hanya maimakon ka yi ta ribas. Pad, wato abin buga wasa da ake riƙewa a hannu, ya fi kibod nesa ba kusa ba a nan, saboda kibod bai san rabin sitiyari ba, ko duka ko babu.

Abin da ya sa na jure har ƙarshe shi ne wasan Simpsons ne na gaske. Masu muryoyin shirin ne suka yi magana a ciki, su Dan Castellaneta da Nancy Cartwright, marubutan shirin irin su Matt Selman suka rubuta labarin, kuma kana iya sauka daga mota ka shiga shagon Apu ko mashayar Moe da ƙafarka. The Simpsons Wrestling na 2001 da The Simpsons Skateboarding na 2002 suna da fuskokin amma babu garin, Road Rage na 2001 kuwa ɗaukar fasinja ne kawai. Wanda ya kama ƙafarsa wajen riƙe ruhin shirinsa shi ne South Park: The Stick of Truth na 2014, wanda Obsidian suka haɗa, sai dai wannan ba na yara ba ne sam, batsarsa ta kai har an yanke wasu wurare a kwafin PlayStation 3 da Xbox 360 da aka sayar a Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka. Hit & Run ya fi shi tsabta sosai, ko da yake shi ma akwai giya da ture mutane da mota a ciki, ya kamata mai gida ya sani kafin ya miƙa wa ƙaramin yaro pad.

Idan ka canza kwamfuta ko ka sabunta direban katin hoto, ka sake duba lambar nan, domin saitin yakan koma yadda ya zo. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: a mataki na ɗaya, na ɗauki motar gidan su Simpson, na sha kwanar da ke gaban Kwik-E-Mart da cikakken gudu. Idan bayanta ya zame ya ƙi dawowa, ko ta yi tsalle a bakin titi, to ba a kan 60 take ba, sai na fita na gyara kafin na ci gaba.